An ba ni soshiyoloji maimakon lauya: in karɓa ko in jira baɗi?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na zana JAMB bana na nemi karatun lauya, sai jami'a ta ba ni soshiyoloji. Babana ya ce shi bai san aikin da ake yi da wannan karatu ba, wata yayata kuma ta ce kos ne da ke raba mutum da addininsa. Ni kaina ban san me ake koyarwa a ciki ba. In karɓa ne, ko in haƙura in sake zana jarabawa baɗi?

Amsa: 'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika tsaya kika yi tambaya kafin ki yanke hukunci. Irin wannan tambaya taki ba ta yankewa a wurinmu, don da yawa daga cikin ɗaliban da ke shigowa sashen soshiyoloji ba shi suka nema ba. Lauya suka nema, ko aikin jarida, ko harkar kuɗi, aka turo su nan. Shawarata a taƙaice ita ce ki karɓa, muddin ke mai son karatu ce kuma lissafi ba ya firgita ki. Sai dai ki san abin da za ki shiga. Wanda ya gama karatun likita, ranar da ya fito sunansa likita. Wanda ya gama soshiyoloji kuwa babu wata kujera da aka ajiye masa da sunansa. Abin da ya iya shi zai ci abinci da shi, kuma abin da ya fi kawo abincin a wannan fanni, wato dabarun bincike da ƙididdiga, shi ne abin da yawancin ɗalibai suke kauce wa. Saboda haka damuwar mahaifinki tana da tushe, kuma zan zo kanta.

Bari mu fara da abin da ake karantawa. Soshiyoloji ilimin zamantakewar al'umma ne: yadda mutane suke zama tare, abin da ke haɗa su, abin da ke raba su, da yadda zaman yake sauyawa. A ce aure ya mutu a gidan maƙwabtanku. Mutanen unguwa za su ce mijin ba shi da haƙuri, ko matar ba ta jin magana, ko uwar miji ce ta sa baki, kuma wataƙila gaskiyarsu ce. To amma a ce kin je kotun yankinku an ba ki rajistar shekara biyar, kika ga akasarin auren da ke mutuwa bai kai shekara biyu ba, kika kuma ga ƙararrakin sun fi yawa a watannin da hatsi ya yi tsada. Nan magana ta wuce halin Malam wane da matarsa. Sai ki fara tambaya: shekarun amaren nawa? Mazan wace sana'a suke yi? A gidan haya suke ko a gidan gandu? Bashin da aka ci na lefe da kayan ɗaki, a wuyan wa ya faɗa bayan biki? Su wa ke shiga tsakani in an samu saɓani, kuma me ya sa a da ake jin maganarsu yanzu ba a ji? Neman amsar irin waɗannan tambayoyi da hujja, ba da "na ji an ce" ba, shi ne aikin da za a koya miki.

Wanda ya fara nuna ƙarfin wannan hanya a fili shi ne Emile Durkheim, Bafaranshe, a binciken da ya fitar a 1897 kan masu kashe kansu. Duk wanda aka tambaya zai ce ai wannan lamari ne na zuciyar mutum shi kaɗai. Durkheim ya tattara alƙaluman ƙasashen Turai, sai ya ga abin yana da tsari: ya fi yawa a tsakanin 'yan Furotesta fiye da 'yan Katolika, ya fi yawa ga gwauraye fiye da magidanta, yana kuma raguwa a lokacin yaƙi, sa'ad da jama'a ke ɗinkewa wuri guda. Ya ce gwargwadon yadda mutum yake ɗaure da jama'arsa, gwargwadon kariyar da yake da ita. An soki alƙalumansa daga baya, an yi masa gyare-gyare, amma darasin ya zauna, kuma a shekararki ta farko za ki haɗu da shi.

Karatun shekara huɗu ne ga wanda ya shigo ta JAMB, uku ga wanda ya shigo kai tsaye da IJMB ko difloma ko NCE. A kan takarda ke nan, don yajin aiki yana iya ƙara wa'adin, kamar na 2022 da ya ci wata takwas. Shekarar farko gabatarwa ce: tushen fannin, ilimin al'adun ɗan Adam, ilimin halayyar mutum, ɗan lissafi, Turanci, da kwasa-kwasan aro daga kimiyyar siyasa da tattalin arziki. A ta biyu za a shiga tarihin tunanin masana, ƙididdiga, iyali, da tsarin al'ummar Najeriya. Ta uku ita ce zuciyar karatun, a nan ake yin ra'o'i, wato bayanan da masana suka gina kan yadda al'umma ke tafiya, da dabarun bincike, da nazarin laifuka, ƙauye da birni, da yawan jama'a. A ta huɗu akwai ci gaban ƙasa, lafiya, masana'antu, sai kuma furojet, wato binciken da za ki yi da kanki ki rubuta. Sunayen kwasa-kwasan da jerinsu suna ɗan bambanta daga Zariya zuwa Kano zuwa Sakkwato zuwa Maiduguri, amma ƙashin bayan ɗaya ne, don Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ce ke shimfiɗa shi.

Ki riƙe wannan tun yanzu: makin shekarar farko yana bin mutum har ya fita. Ana auna sakamako a kan maki 5. Daga 4.50 zuwa sama daraja ta ɗaya ce, daga 3.50 daraja ta biyu mai girma, kuma ma'aikatu da yawa da masu ba da tallafin karatu daga nan suke fara duba takarda. Ɗalibin da ya shigo yana fushin ba a ba shi abin da ya nema ba, ya yi wasa da zangon farko da na biyu, yakan shafe sauran shekarun yana cike ramin da ya haƙa wa kansa. Sannan karatun duk da Turanci ne, kuma karatu ne mai yawa. Wanda ya tsaya a handawut ɗin malami zai iya cin jarabawa, amma ba zai iya rubuta rahoto mai shafi biyar da za a karanta a gane ba, alhali rubutun rahoto na cikin abin da ake ɗaukar mutum aiki dominsa.

Yanzu maganar yayarki. Ban raina ta ba, don akwai inda ta samo asali. Za a koya miki Auguste Comte, wanda ya raɗa wa fannin suna, kuma shi yana ganin bayanin duniya ta hanyar addini mataki ne da ɗan Adam zai wuce. Za a koya miki Karl Marx, wanda yake ganin masu dukiya suna amfani da addini wajen kwantar da talaka. Za a koya miki Durkheim, wanda ya ɗauki addini a matsayin abin da al'umma ta samar don ɗaure kanta. Dole ki san abin da suka faɗa, ki iya bayyana shi daidai a jarabawa. Amma ba wanda zai ce ki yi imani da shi, kuma su kansu ba su yarda da juna ba: Max Weber, Bajamushe, ya yi rubutu a 1904 da 1905 yana nuna cewa aƙidar addini ma tana iya juya tattalin arziki, saɓanin yadda Marx ya ɗauka. Aikin ɗalibi shi ne ya auna kowane ra'i da abin da ke faruwa a ƙasa, ya ga inda ya yi daidai da inda ya gaza. Soshiyoloji ba shi da ma'aunin da zai ce wannan addini gaskiya ne ko ƙarya ne. Abin da yake iya dubawa shi ne yadda mabiya suke tsara kansu, wa ke jagoranci, daga ina kuɗi ke zuwa, me ya sa wata ƙungiya ta fi karɓuwa a wurin matasan birni.

Ki kuma gaya wa yayar taki cewa shekaru ɗaruruwa kafin a haifi Comte, Ibn Khaldun ya riga ya buɗe wannan ƙofa. An haife shi a Tunis a 1332, ya rubuta Muƙaddima a 1377, ya rasu a Alƙahira a 1406 bayan ya riƙe alƙalancin mazhabar Malikiyya a can, mazhabar da muke bi a nan. Ya yi bayanin yadda mutanen karkara masu ƙarfin zumunci suke kafa mulki, yadda jikokinsu suke saba da daɗin birni zumuncin ya yi sanyi, haraji ya yi nauyi, har wasu su zo su ture su. Ya kuma yi gargaɗi cewa kada a karɓi labari don kawai wani babba ya kawo shi, a auna shi da abin da zai yiwu a zaman mutane. Wanda ya shigo jami'a da iliminsa na addini, yana da malaman da yake komawa wurinsu, wannan karatu ba ya girgiza shi. A cikin malaman fannin a jami'o'in Arewa akwai mahaddata da limamai.

Abin da na fi so ki gane shi ne cewa fannin nan ya daɗe yana magana a kanmu, mu Hausawa, kuma mafi yawan ɗalibai suna gamawa ba su sani ba. Ga misali ɗaya da nake son a tsaya a kai. A farkon shekarun 1960 wani masani, Abner Cohen, ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan yana nazarin Hausawan da ke can, ya fitar da sakamakon a 1969. Tambayarsa ita ce: ta yaya baƙi 'yan tsiraru suka riƙe cinikin shanu daga Arewa da cinikin goro zuwa Arewa, babu banki, babu takardar yarjejeniya? Falke zai kawo garken shanu na dukiya mai yawa, ya sauka a wurin mai gida. Mai gida zai ba shi masauki da abinci, dillalansa su sayar da shanun bashi ga mahautan Yarbawa, don su ne suka san mahaucin da ke biya da wanda ke taurin bashi. In mahauci ya ƙi biya, mai gida ne zai biya falke daga aljihunsa, in ba haka ba sunansa ya ɓaci har Kano, ba mai sake sauka a gidansa. Amana ce jarin, kuma amanar tana buƙatar jama'ar da ta san juna, take iya hukunta wanda ya ci ta. Cohen ya ce shi ya sa mutanen Sabo suka ƙara riƙe Hausancinsu maimakon su narke a cikin gari, kuma da siyasar jam'iyyu ta raunana ikon Sarkin Sabo a farkon shekarun 1950, sai shigarsu Tijjaniyya da ware masallacin Juma'arsu suka zama sabon abin da ya ɗaure su. Ɗalibai sukan yi gardama sosai a nan, wasu su ce mutum yana shiga ɗariƙa ne don neman Allah, ba don ciniki ba. Gardamar tana da kyau, kuma ni ma ina ganin Cohen ya ba ciniki nauyi fiye da kima. Amma duk wanda ya karanta shi ba zai sake kallon Sabo ko Zangon Kumasi ko kasuwar shanu yadda yake kallonsu a da ba.

Haka Polly Hill, wata Baturiya mai bincike, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a ƙarshen shekarun 1960. A lokacin masu tsara manufofi suna ɗauka manoman ƙauye duk ɗaya suke. Ita ta bi gida-gida ta nuna ba haka ba ne: akwai mai rumbu cike da ke jira hatsi ya yi tsada, akwai wanda ke sayar da nasa da kaka da araha don biyan bashi, damina ta faɗi ya tafi ƙwadago a gonar wani don ya ci yau, tasa gonar ciyawa ta cinye, baɗi ya sake komawa gidan jiya. Ita ce kuma ta ja hankali kan kasuwancin da matan kulle suke yi daga cikin gida, wanda alƙaluman gwamnati ba sa gani. A cikin 'yan ƙasa akwai Nathaniel Fadipe, da ya kammala digirin digirgir a Landan a 1939 kan zamantakewar Yarbawa, da marigayi Dakta Ibrahim Tahir, Talban Bauchi, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello kuma ya yi bincikensa kan malamai da 'yan kasuwar Kano. Akwai Peter Ekeh, da ya yi bayani a 1975 kan dalilin da ya sa mutumin da ba zai taɓa ƙwandalar ƙungiyar garinsu ba yake iya kwashe kuɗin gwamnati ba tare da ya ji ya yi laifi ba, har a yi masa kirari a gida. Ya danganta abin da yadda mulkin mallaka ya kafa hukumar da mutane ba su taɓa jin tasu ce ba. Shekara hamsin ke nan, bayanin bai tsufa ba.

Kin lura da yawan baƙin da ke cikin sunayen nan. Sun yi ƙoƙari, amma sai da suka koyi harshen ko suka nemi tafinta. Tarihin rayuwar wata tsohuwa Bahaushiya, Baba ta Karo, wanda aka buga a 1954 kuma har yau ake karanta shi a jami'o'in duniya, ya samu ne don Mary Smith, Baturiyar da ta rubuta shi, mace ce, tana iya shiga cikin gida ta zauna da tsohuwar, inda mijinta mai binciken masarautar Zazzau ba shi da iko ya wuce zaure. Ke an haife ki da harshen, kuma duk gidan da aka rubuta "ba shiga" ke za ki yi sallama ki shiga. Wannan babban jari ne, amma ba ya aiki sai an haɗa shi da horo.

Horon kuwa ga yadda yake. A ce furojet ɗinki a kan tallan 'yan mata ne a wata unguwa. Ba za ki faɗa gidajen mutane haka kawai ba. Za ki karɓi takarda daga sashenku, ki kai wa mai unguwa, ya haɗa ki da wata dattijuwa da aka sani. Ba za ki zaɓi gidajen ƙawayen mamarki ba, za ki bi tsari, misali kowane gida na biyar a layi, don kada sakamakon ya zama labarin mutanen da kika sani kawai. Kin shiga, an shimfiɗa miki tabarma. In kika ce wa matar gida, "Nawa kike samu a wata?" amsar da za ki ji ita ce "Alhamdulillahi, ana dai lallaɓawa." Ba ƙarya ta yi ba, ba a lissafa wata take ciniki ba, kuma ba a bayyana samu a gaban kishiya. Sai ki jira ku keɓe, ki ce, "Jiya mudu nawa na wake kika jiƙa? Nawa kika sayo shi? Man fa? Da yarinyar ta dawo, nawa ta kawo? Akwai kwantai?" Daga nan ke za ki fitar da ribar. In kika ce "'Ya'yanki nawa?" wata za ta tsallake ɗan fari don kunya, wata ba ta son ƙirga 'ya'ya, wata za ta haɗa da na riƙo. Sai ki bi su ɗaya bayan ɗaya, wa ke bin wa. Za a kuma ɗauka tallafi kika kawo, kowa ya ƙara nuna talauci. Wajibi ne ki faɗi gaskiya tun a bakin ƙofa cewa ke ɗaliba ce, ba ki zo da komai ba, wadda ba ta so ta amsa ba dole, kuma ba za ki rubuta sunan kowa ba. Abin da aka gaya miki a ɗaki amana ne, ko a gidanku ba abin hira ba ne.

Bayan nan sai ki zauna da takardu ɗari ko ɗari biyu ki shigar da su kwamfuta, ki fitar da jadawali, ki gwada ko da gaske akwai alaƙa tsakanin sana'ar uwa da zuwan 'ya makaranta, ko kuwa dace ne kawai. A nan ƙididdiga take shigowa. Ba lissafin injiniyoyi ba ne. Kaso cikin ɗari ne, da matsakaici, da 'yan gwaje-gwajen da duk wanda ya ci lissafin sakandare zai iya in ya zauna ya yi. Abin da ke ci mini rai shi ne ɗalibin da zai zauna a gindin bishiya ya cike takardun tambayoyinsa da kansa, ko ya biya wani a shagon kwamfuta ya haɗa masa furojet. Ya cuci al'ummar da ya yi wa ƙarya, ya kuma jefar da abu ɗaya tak da zai bambanta shi da dubban masu irin takardarsa. Ki koyi Excel, manhajar jadawali da lissafi a kwamfuta, tun a shekarar farko. Ki koyi SPSS, manhajar ƙididdiga, a ta biyu ko ta uku. Ki koyi tsara tambayoyi a waya da KoboToolbox ko ODK, don da su ƙungiyoyi suke tattara bayanai yanzu. In kika ji wani malami yana neman masu taya shi aikin fili lokacin hutu, ki miƙa kanki ko da kuɗin mota kawai za a ba ki.

To, mu zo kan tambayar Baba: wane aiki? A gwamnati mai digiri yana farawa ne a matakin albashi na 8. Inda karatun ya fi dacewa akwai ma'aikatun mata da jin daɗin jama'a, sashen walwalar marasa lafiya a manyan asibitoci, Hukumar Ƙidaya, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, hukumar gidajen gyaran hali, NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane, shige da fice, da 'yan sanda. A kamfanoni akwai sashen kula da ma'aikata da binciken kasuwa, bankuna kuma suna ɗaukar kowane fanni in sakamako ya yi kyau. Mai son koyarwa a sakandare sai ya ƙara da diflomar ilimi, mai son koyarwa a jami'a sai ya ci gaba zuwa digiri na biyu da na uku. Sai ƙungiyoyin agaji da na raya ƙasa, waɗanda suka yawaita a Arewa maso Gabas tun da rikicin Boko Haram ya raba mutane da gidajensu. Su kullum suna neman wanda zai tattara bayanai, ya bibiyi aiki, ya auna ko ya yi amfani, kuma mace mai jin Hausa da ta iya wannan tana da daraja a wurinsu. Sai dai aikinsu na kwantiragi ne, yana tafiya da kuɗin masu ba da tallafi, in kuɗin ya tsaya aikin ya tsaya.

In Baba yana son misalin da ya gani da idonsa, ki tuna masa da rigakafin shan inna. A 2003 aka dakatar da shi a Kano da wasu jihohin Arewa saboda zargin an sa masa abin hana haihuwa, Kano ba ta koma ba sai tsakiyar 2004. Maganin yana nan, ma'aikata suna nan, amma iyaye sun rufe ƙofa. Masu cewa jahilci ne kawai ba su kai ko'ina ba. Sai da aka saurari mutane aka gane cewa ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano a 1996 ba, kuma suna tambayar abin da ya kamata a amsa: me ya sa ake bin mu har gida da wannan kyauta, alhali in yaro ya kamu da zazzaɓin cizon sauro sai mun sayi magani? Da aka sa sarakuna da malamai a gaba, aka ɗauki matan unguwa da aka sani suna shiga gidaje suna bayani, sai ƙofofi suka fara buɗewa, har aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali, wadda ake kira ta daji, a watan Agustan 2020. Gano dalilin da ya sa aka rufe ƙofa, da sanin bakin wa za a ji, irin aikin da wannan karatu yake shirya mutum ya yi ke nan.

Ba zan ɓoye miki ba, duk wuraren nan da na lissafa masu nema sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba, kuma akwai masu digirin soshiyoloji da ke zaune ba aiki, kamar yadda akwai masu digirin lauya da ke zaune. Ganin Dala ba shiga birni ba ne. Abin da na lura da shi dai, waɗanda suka fita da sakamako mai kyau, suka iya rubutu, suka iya sarrafa bayanai a kwamfuta, ba su cika daɗewa a zaune ba.

Saura maganar lauya. In zuciyarki tana can har yanzu, ki sani canjin kos zuwa lauya bayan shekarar farko yana da wuya ƙwarai, don kowace jami'a tana da adadin ɗaliban lauya da aka ƙayyade mata, ba ta isa ta wuce shi ba. Kada wani ya ce miki "shiga kawai, a ciki za a gyara." Hanyoyin da suka tabbata biyu ne: ki sake zana JAMB, ko ki gama wannan digiri ki nemi lauya kai tsaye a matsayin digiri na biyu, kuma lauyan da ya san zamantakewa yana da fifiko a shari'ar iyali da ta laifuka. In makinki na bana kaɗan ya rage ya kai, kuma kin tabbata za ki zauna ki yi karatu na gaske a gida, jira ba laifi ba ne. In kuwa tazarar tana da yawa, ban ba ki shawarar ki saki gurbin da ke hannunki ba. Shekara guda a gida ga 'ya mace takan zo da wasu maganganun da za su iya ture karatun gaba ɗaya, kin fi ni sanin gidanku.

Kafin ki danna karɓa a shafin JAMB, ki duba sakamakonki na WAEC ko NECO ki tabbata kina da kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, a zama ɗaya ko biyu, don jami'o'i da yawa suna neman Lissafin a wannan sashe, kuma a wurin tantancewa ake mayar da mutum gida in babu. Sannan ki roƙi Baba, cikin ladabi, ya raka ki jami'ar ku shiga sashen, ku nemi ganin shugabansa ko malamin da ke kula da 'yan aji ɗaya. Ya yi musu tambayar da ya yi miki, su nuna masa jerin kwasa-kwasan, su gaya masa inda tsofaffin ɗalibansu suke aiki. Allah ya zaɓa miki abin da ya fi alheri, ki gaishe shi.